Ranar da Na Danƙa wa Arɗo Batiran Makirfo

Shekaranjiya ɗaya daga cikinku ya tsaya a bakin shagon nan, ya ɗauki makirfo marar waya daga kan benci, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Baba Haladu, wai wannan ma har sana'a ce? Maɓalli ɗaya ne fa. Ka danna, ka miƙa wa mai magana, ka koma inuwa ka zauna." A lokacin ina tsakiyar liƙa waya da dalma. Yau da yake babu taro sai bayan la'asar, ku gyara zama in gaya muku abin da mai zaman inuwar nan yake yi.

Ni a hannun Malam Ya'u mai gyaran rediyo na koya, Allah ya jiƙansa. Shagonsa yana bayan tasha a nan Birnin Kudu. Lokacin babu marar waya. Kayanmu duka amfilifaya ɗaya ce, da lasifika masu faɗin baki irin na masallaci, da batirin mota, da makirfo mai doguwar waya. Na daɗe a wurinsa bai bar ni na taɓa amfilifaya ba. Aikina naɗe waya da warware ta. Idan na naɗe, sai ya karɓa ya jefa ta ƙasa. In ta miƙe sumul ya yi shiru, in ta ƙulle ya ce in sake. Ina ganin wahalar da ni kawai yake yi. Sai daga baya na gane wayar da aka naɗe da murɗiya ta ciki take karyewa, inda ido ba ya gani, kuma ba ta tashi nuna maka halinta sai jama'a sun taru.

Aikin da ya fara sa ni tsoron kayan nan a Yalwan Damai muka yi shi, wata saukar Alƙur'ani da damina. An yi ruwa da asuba, ƙasa duk danshi. Masu taron suka ce batirinmu ba zai kai ba, suka aro janareta. Malamin da zai buɗe da addu'a, Malam Isyaku, ya tuɓe takalminsa ya tsaya a ƙasa. Yana kai makirfo baki, leɓensa ya taɓa ragar ƙarfen, sai muka ga ya yi baya ya faɗi zaune, makirfon ya yi gefe. Mutane suka yo kansa da salati. Na zabura zan ɗauki makirfon, Malam Ya'u ya daka mini tsawa, "Kar ka taɓa!" Ya ruga ya kashe injin tukuna. Malam Isyaku ya tashi da kumburarren leɓe, yana cewa ba komai. Malam Ya'u ya sa aka samo turken ƙarfe, ya kafa shi a ƙasa kusa da injin, ya ɗaura masa waya daga jikin injin da amfilifaya, ya sa aka kawo busasshen katako malamin ya taka. Sannan ya fara kai makirfon bakinsa da kansa kafin ya miƙa. Har ya bar duniya bai taɓa miƙa wa mutum abin da bai fara gwadawa a jikinsa ba. Turken da kuke gani a cikin buhun kayana, wanda kuke cewa nauyin banza ne, daga ranar ya samo asali.

Da marar waya ya shigo, ni ma na ce mun huta. Na je Kano na sayo na farko bayan na buɗe shagona. Gaskiya ne mai magana ya tsira daga jan wuta, don babu abin da ya haɗa shi da inji. Amma akwatin karɓa, wanda yake kama muryar ya miƙa wa amfilifaya, yana nan a jone da wuta, kuma ni ne a gabansa. Har yau in hadari ya haɗo ana walƙiya, ba na jiran ɗigon farko. In sauke eriya, in kashe inji, mai taro ya yi ta faɗa. Sannan wayar da muke ƙorafi a kanta ashe tana yi mana wani aiki: tana riƙe mai magana wuri ɗaya. Da aka cire ta, sai mutum ya samu ƙafa.

A Gwaram na ga abin da ƙafar nan take jawowa, wurin walimar wata makarantar Islamiyya. Mai gabatarwa wani saurayi ne, Ɗanjuma, mai son zagaye fili yana magana. Mata sun zauna da goyo dab da lasifika, domin nan ne inuwa ta faɗa. Yana cikin yawonsa ya zo gaban lasifikar, ya juya mata kan makirfo. Kun san kukan da take yi in ta ji muryar kanta, wanda yake shiga har cikin haƙori. Na ja sauti ƙasa nan take, amma ta riga ta yi. Jarirai suka ɓarke da kuka. Wata tsohuwa ta riƙe kunne, ta zo har inda nake ta ce, "Ɗan nan, wani abu yana ta yi mini ƙara a ciki, bai daina ba." Da aka tashi na je gaishe ta, ta ce ya ragu amma yana nan. Kunne ba kayan gyara ba ne, babu dalmar da take liƙe shi. Tun daga nan nake ɗora lasifika a kan ƙafa, ta wuce kan mutum, ta kuma kasance gaba da mai magana, tana ba shi baya. Ba na barin kowa ya zauna a bakinta ko da nan ce kaɗai inuwa. Kuma ina neman toka a gidan masu taro in ja layi a ƙasa, in ce da mai gabatarwa, "Ka yi yawonka duk inda kake so, amma kar ka tsallake tokar nan."

Masu riƙe makirfo iri-iri ne, kuma dole ka karanci mutum tun yana tahowa. Akwai mai hura shi kamar zai hura wuta, akwai mai ƙwanƙwasa shi da yatsa, duka biyun lalata shi suke yi. Akwai mai riƙe shi wajen cibiya, sannan ya harare ka wai ba a jin sa. Akwai mai dunƙule kan da tafin hannu irin na mawaƙa, shi ne yake jawo kukan lasifika. Akwai mai riƙe gindin, ya toshe inda muryar take fita zuwa akwati, sai magana ta riƙa yankewa. Wani Alhaji kuma nuni yake yi da shi kamar sanda, rabin jawabinsa yana tafiya wajen wanda yake nunawa. Ba za ka tsaya koya wa dattijo riƙo a gaban jama'a ba. Kafin a fara za ka durƙusa kusa da shi ka ce, "Alhaji, tsakiya za a riƙe, kusa da haɓa, in an gama a danna nan." In ya manta, kai ne za ka bi shi da hannu a kan sauti.

A Fagam, wurin taron ƙungiyar manoma a filin makaranta, shugabansu ya gama jawabi, wayarsa ta yi ƙara, ya zura makirfo a aljihun babbar riga ya zagaya bayan aji. Bai kashe ba. Ina ganin ya juya baya na rufe layinsa. Jama'a ba su ji komai ba. Ni kaɗai na ji farkon maganar ta abin sauraron da ke kunnena kafin in cire shi, kuma magana ce ta cikin gidansa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ba kuma yau zan fara ba. Idonka ba ya barin makirfo tun daga lokacin da ya bar hannunka har ya dawo. In kana danna waya ko kana hira da mai shayi, wata rana sai ka tona asirin mutumin da ya ɗauke ka aiki.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda aka hana taruka saboda cutar numfashin nan. Biki ya tsaya, walima ta tsaya, makarantu a rufe. Kayan nan suka zauna a ɗaki har damina ta same su. Ɓera ya ci mini wayoyi, danshi ya kama takardar lasifika ɗaya ta ruɓe. Na koma gonar gidanmu na shuka gero da riɗi, da shi muka ci. Abokin sana'ata Shehu, da muka taso tare a wannan aiki, ya ajiye makirfonsa da batir a ciki, yana cewa gobe ko jibi za a buɗe. Da ya tashi dubawa, batiran sun fashe, farin gishirin nan ya cinye ƙarafan ciki har ya kai allon da wayoyin cikinsa suke liƙe a kai. Ya kawo mini, muka kankare, muka goge, bai tashi ba. Ya sayar da sauran kayan ya koma tuƙin babur, har yau bai dawo ba. Batir ba ya kwana a cikin makirfo. Ba a haɗa sabo da tsoho, ba a barin sa a rana a gaban mota, wanda ya kumbura kuma ba a sake caja shi, ba a jefa shi a wuta ko a inda yara ke wasa.

A shekarar ne kuma aka koya mini abin da duk cikinmu babu wanda ya taɓa tunaninsa. Ma'aikatan lafiya sun ɗauke ni yawon faɗakarwa a ƙauyuka, lasifika a kan mota. Wata ma'aikaciyar jinya a cikinsu, Hajiya Rabi, na miƙa mata makirfo, ta tsaya tana kallon soson da ke kansa. Ta ce, "Malam Haladu, yaushe rabon da a wanke wannan?" Na ce ai ba a wankewa. Ta ce, "To shinshina." Na shinshina, na ji goro, na ji taba, na ji yawun mutanen da ban san adadinsu ba. Ta ce mai tari ya yi magana a ciki, mai mura ya yi, sannan a miƙa wa liman ya manna a baki. Ita ta nuna mini in cire soson in wanke da sabulu in shanya ya bushe sarai, ragar kuma in goge da tsumma mai ɗan sifirit, ba tare da ya ɗiga ciki ba. Yanzu da soso da yawa nake tafiya, in na ji mutum yana tari, kafin makirfon ya kai hannu na gaba na sauya.

Aikin da nake so ku riƙe shi ne wanda na yi a Farin Dutse da wata kaka. Shanu sun shiga gonar dawa da ba a girbe ba, aka yi faɗa, aka fasa wa wani saurayi manomi kai, aka sari wata saniya ta gurgunce. Mutanen nan maƙwabta ne tun kakanni. Makiyayan ma suna noma, Hausa suke yi, kasuwa ɗaya suke ci. Dagaci ya kira zaman sulhu da hantsi a filin makarantar firamare, aka ɗauke ni in kai sauti. Manoma suka zauna gefe guda, makiyaya ɗaya gefen, fili fetal a tsakani. Samarin kowane ɓangare suna tsaye a baya da sanduna.

Makirfo biyu na kai, masu akwatin karɓa ɗaya. Kowane makirfo yana da layinsa, kamar tashar rediyo. In yana kunne, shi ne yake riƙe da layin. In an kashe shi, akwatin yana nan da kunne a buɗe, duk wani makirfo na kusa mai layi iri ɗaya zai iya shigowa, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwa layinsu ɗaya ne. Da safe na saurari layukan biyu, babu kowa a kai. Na ba dagaci ɗaya, na bar layinsa a buɗe don ya iya tsoma baki duk lokacin da magana ta so ta karkace. Ɗayan kuma yana zagayawa.

Aka zo kan Arɗo Buba, shugaban makiyayan, dogon tsoho mai sanyin murya. Ya fara da cewa sun yarda shanunsu ne suka shiga gonar. Ba a zaci zai faɗi haka ba. Dagaci ya so ya yi wa liman raɗa, sai ya kashe makirfonsa ya ajiye a kan tebur, kamar yadda na roƙe shi tun farko. Bai yi kuskure ba. Amma yana kashewa, sai wata murya ta fito daga lasifika, ta danne ta Arɗo:

"Ku kore su! Kai, ku ɗauko sanduna! Kar ku bar ko ɗaya a wurin nan, ku fatattake su!"

Na rufe sauti, amma kowa ya riga ya ji. Samarin makiyaya suka yo gaba. Ɗan Arɗo, Bello, ya ɗaga sanda yana cewa, "Kun kira mu ne ku ci mana mutunci?" Manoma suna kallon juna, kowa yana zaton wani nasu ne ya ɓoye makirfo. Sale, yayan yaron da aka fasa wa kai, ya miƙe shi ma da mutanensa. Dagaci yana ta ɗaga hannu yana magana, babu mai jin sa.

Na dubi akwatin karɓa. Fitilar layin dagaci tana ci, alhali makirfonsa yana kan tebur a kashe. Nan na san daga waje ne. Amma mutumin da ya ɗaga sanda ba za ka tsaya yi masa bayanin layi ba. Na ɗauki makirfon dagaci, na ratsa tsakiyar filin har gaban Arɗo, na durƙusa, na karɓi nasa. Na buɗe su duka biyun a gabansa, na zazzage batiran a tafin hannunsa.

Na ce, "Baba Arɗo, makirfona biyu ne, ga su, ga kuma batiransu a hannunka. Babu wanda zai iya magana da su yanzu. Ka ce yaranka su dakata, ka saurara."

Ya dube ni, ya dubi hannunsa. Sannan ya ɗaga ɗaya hannun, samarinsa suka tsaya inda suke.

Na koma wurin kayana. Ban san abin da zai fito ba. Mai maganar yana iya yin shiru, a ce ƙarya na yi. Yana iya faɗin abin da ya fi na farko muni. Na yi bisimilla na buɗe layin a hankali. Da farko huci kawai ake ji da takun ƙafa. Can sai muryar ta dawo:

"Baƙar nan ta gidan Inna Talatu ce, kullum ita take jawo sauran. Ga shi ta tauna mini waya! Wai ba za ku ɗaure awakinku ba ne, ana shirin suna?"

Sai ga kukan akuya, tar, a cikin lasifika.

Wani tsoho a cikin manoma ya fara dariya, wasu suka bi. Arɗo bai yi dariya ba. Ya ce, "A je a gani da ido." Ya nuna ɗansa Bello, ya ce dagaci ya ba da mutum ɗaya. Dagaci ya nuna Sale. Muka tafi mu uku, su biyun ba mai kallon wani. Bayan katangar makarantar kaɗan muka tarar da rumfa a ƙofar wani gida, ana shimfiɗa tabarmi. Wani saurayi mai suna Nura, sabon shiga sana'ar daga Gwaram, yana tsaye da makirfo a kunne a hannunsa. Bai tayar da injinsa ba tukuna, lasifikarsa shiru, don haka bai san muryarsa tana zuwa ko'ina ba. Da na gaya masa inda ta je da abin da ta kusa haddasawa, sai ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ban yi masa faɗa ba. Na kashe makirfon, na ce ya bar shi haka har mu tashi.

Baƙar akuyar tana tsaye a kan juji, guntun waya yana leƙowa daga bakinta. Bello ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce, "Yanzu saboda wannan muka kusa zubar da jini?" Sale ya ce, "Wallahi har na zaɓi wanda zan fara kai wa duka." Bello ya ce, "Wa?" Sale ya ce, "Kai." Suka tsaya suna kallon juna, sai dariya ta ƙwace musu.

Da muka dawo, su biyun ne suka ba da labari, wannan ya faɗa wancan ya ƙarasa. Na zo zan karɓi batir in mayar, Arɗo ya dunƙule hannunsa ya sa a aljihu. Ya ce, "Malam Haladu, ƙarfenka ba shi da laifi, amma a bar shi ya huta. Muryata ba ta da ƙarfi. Mai son ji ya matso." Mutane suka fara jan tabarmi. Manoma suka matso, makiyaya suka matso, har filin da ke tsakani ya cike, samari suka jingine sanduna a jikin katanga don su samu wurin tsugunawa. Na kashe inji na zauna a kan akwatin kayana. Rabin maganar ban ji ba. Kafin azahar dai an daidaita a kan gonar da saniyar da jinyar yaron, aka kuma yarda a sake buɗe burtalin da noma ya cinye. Liman ya shafa fatiha da muryarsa.

Ina naɗe waya sai ga Arɗo a tsaye a kaina. Ya zaro batiran daga aljihu ya zuba mini a hannu. Ya ce, "Ranar Asabar akwai sunan jikana a ruga. Ka zo da kayanka, mata suna son a ji su. Amma kafin ka kunna, ka zagaya bayan gari ka duba ko akwai mai korar awaki."

Na ce, "To, Baba."

Ranar Asabar na je, kuma sai da na zagaya.